Wata huɗu da sabulun salo, khal da toka: abin da na gani a gidana

A farkon hunturun da ya wuce na shiga banɗakinmu da niyyar wanke shi fes, na zuba ruwan wanke masai mai ƙarfi, sannan na bi shi da bilic, a zatona haɗa su zai fi fitar da datti. Ban yi minti ɗaya ba idanuna suka fara zubar da ruwa, maƙogwarona ya ɗauki raɗaɗi, na fito tsakar gida ina tari kamar numfashina zai ɗauke. Daga baya na fahimci cewa idan bilic ya haɗu da abu mai asid, irin ruwan wanke masan nan, yana sakin iskar kulorin, wadda guba ce ga huhu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne autana yana fama da asma, kuma duk inda nake aiki yana biye da ni. Tun ranar na ƙudurta sauya kayan tsaftar gidan da waɗanda ba sa cutar da mu, ba sa kuma ɓata ruwan da muke zubarwa.

Maganar ruwan ba ƙarama ba ce ga mu mazauna Fagge. Ruwan wanki da na wanke-wankenmu kwata yake bi ya faɗa rafin Jakara, kuma da ruwan rafin ne manoman rani na wajen Kwakwaci suke ban-ruwan latas da alayyahu, waɗanda mu ɗin dai muke saye mu kai tukunya. Wani garin sabulun wankin yana ɗauke da sinadarin fosfet, wanda tamkar taki ne ga gansakuka, idan ta yi yawa kuma sai ta shaƙe ruwa har kifi ya rasa iska. Saboda wannan ne Tarayyar Turai ta taƙaita shi a sabulun wankin tufafi tun shekarar 2013.

Da sabulun salo na fara, wanda na sayo a kasuwar Kurmi, kuma shi ne ya fi gamsar da ni. Da tokar ɓawon ayaba ko na koko ake haɗa shi, tare da man alayyadi ko man kaɗe. Nakan gutsuri kamar girman ƙwai in jiƙa a ruwan ɗumi lita ɗaya ya kwana, da safe in tace in ɗura a tsohuwar gora. Yana yanke maiƙon manja a tukunyar miya ba tare da wahala ba, kuma a bana hannuwana ba su tsattsage ba kamar yadda suka saba yi idan sanyi ya kankama. Amma yana da aibi guda wanda bai kamata in ɓoye ba. Ruwan burtsatsen da 'yan ga-ruwa suke kawo mana yana da zartsi, don haka sabulun ba ya kumfa sosai, kuma yana barin wani dishi-dishi a jikin kofunan gilashi sai an ɗauraye su sau biyu. Mai saye kuma ya lura, na gaskiyar ruwan ƙasa ne mai duhu, yana da laushi yana marmashewa. Wanda ya yi baƙi wuluk yana tashin turare, galibi an ƙara masa rini.

Ranar da surukata ta same ni ina goge gindin tukunya da toka da soso, ta tsaya ta dube ni ta ce, "Ai mu da wannan muka tashi, 'yar nan, kuma kwanukanmu har ɗaukar ido suke yi." Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya, mu ne muka yar da shi." Tokar kurfotin gawayi tana cire baƙin hayaƙi fiye da duk abin da na taɓa saya, sai dai ba na kusantar da ita ga tukwanen zamani masu shafen da ke hana abinci kamawa, domin tana kankare shi.

Farin khal, wato vinegar, wanda asid ɗinsa yake kusan kashi 5 cikin 100, shi ne maganin farin dattin nan mai kama da alli da ruwan zartsi yake bari. Butar lantarkinmu ta yi ɓawo a ciki har na yi niyyar yar da ita. Na zuba khal da ruwa rabi da rabi, na tafasa, na bar shi rabin awa, sai ga ɓawon yana saɓulowa falle-falle, ƙarfen ya fito tas. Haka yake yi wa bakin famfo da madubi. Kuskurena ɗaya shi ne na goge daɓen tarazo na falo da shi, wurin ya dusashe har yau bai dawo ba, domin asid yana cin tarazo da marmara. Bekin soda kuwa tana kashe warin firiji. Haɗa ta da khal da ake yayatawa a Facebook ban ga amfaninsa ba, kumfa ce kawai take tashi, ɗayan ya kashe ƙarfin ɗayan.

Na kuma gwada na kanti. A wani babban shago da ke titin Gidan Zoo na sayi ruwan wanke-wanke mai koriyar kwalba da hoton ganye, kuɗinsa ya kusa ninka na wanda na saba saye sau uku. Da na zo gida na duba bayansa ban ga jerin abubuwan da aka haɗa shi da su ba, ƙamshinsa kuma ya sa autana atishawa. Na biyun da na saya ba shi da wani ado, amma yana da lambar NAFDAC, an rubuta sinadaransa, ba turare a ciki, kuma ɗigo kaɗan yana wanke kwanukan abincin dare gaba ɗaya. Yanzu bayan kwalba nake fara karantawa kafin in dubi gabanta.

Bilic ban kore shi daga gidan ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya kore shi ba. Khal ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwayoyin cuta, kuma duk wanda ya zauna a Kano ya san yadda amai da gudawa yake ɓarkewa idan damina ta sauka. Na ajiye ƙaramar kwalba a saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa, domin masai da ranar da wani ya kwanta rashin lafiya. Shi kaɗai nake amfani da shi, a sirke da ruwa, ƙofa a buɗe.

Inda har yanzu ban samu mafita ba shi ne wankin fararen kayan makarantar yara. Sabulun salo bai iya da jar ƙurar da take kama wuyan riga da safa ba, don haka na koma garin sabulu wanda aka rubuta babu fosfet a cikinsa, ina zuba rabin abin da na saba, ina kuma jiƙa kayan tun daren Juma'a.