Abin ɗora littafi mai buɗewa kamar almakashi ko mai jingina: wanne na Baba, wanne na ɗalibi?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na samu natsuwa. Kin ce Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, yana kukan wuya da kafaɗa idan ya daɗe yana tilawa bayan Asuba. Ga kuma ƙaninki da ke karatu a Jami'ar Bayero, yana fama da manyan littattafai a kan tebur. Kina son ki yi musu abin ɗora littafi iri ɗaya, kina tambaya ko na katakon nan mai buɗewa kamar almakashi ya fi, ko mai jingina da ake kafa littafi a jikinsa. Sannan kin tambayi alamar shafi, ta fata ko ta zare ko ta kwali.

Kada ki yi musu iri ɗaya. Aikin abubuwan nan biyu ba ɗaya ba ne. Mai almakashi littafi yake tattali, mai jingina kuwa wuyan mai karatu yake tattali.

Bari mu fara da mai almakashi, tun da shi kowa ya sani, shi ne a masallatai da makarantun Islamiyya, shi alhazai ke zuwa da shi tsaraba. Na ainihi daga falanki ɗaya ake fitar da shi. Kafinta zai tsaga kaurin katakon da zarto daga sama da ƙasa, ya bar tsakiya, sannan ya sassaƙe haƙoran da za su sarƙe juna. Ba ƙusa, ba gam, ba hinji. Idan kin buɗe shi sai ya yi kwari a tsakiya, a nan gadon bayan littafi yake kwanciya, bangon dama da na hagu kowanne ya samu majingina. Alƙur'ani mai kauri ba ya son a baje shi warwas, domin ɗinki da gam ɗin bayansa suna karyewa a hankali, wata rana ki ga wasu shafuka sun fara fita. A cikin kwarin nan ba ya bajewa gaba ɗaya, saboda haka yana daɗewa. Ga shi ya ɗaga littafin Allah daga ƙasa, an naɗe an jingine a lungu ba ya cin wuri. Ta wannan fuska babu abin da ya kama ƙafarsa.

Amma ki tsaya ki kalli Baba gobe idan ya zauna a kan dardumarsa. Shafukan da ke kan mai almakashi rufin ɗaki suke kallo, ba fuskarsa ba. Yawancin waɗanda ake sayarwa kuma gajeru ne, da ƙyar su wuce taƙi ɗaya daga ƙasa. Dole ya sunkuya, ya tura kai gaba, ya zauna haka har ya kai izu biyu ko uku. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya wallafa wani lissafi a 2014 a kan masu duba waya: kan babban mutum kimanin kilo 5 ne idan yana zaune daidai a kan wuya, amma idan aka sunkuyar da shi digiri 60, nauyin da wuya ke ɗauka yana kaiwa wajen kilo 27. Ko waya ce a ƙasa ko littafi, sunkuyon ɗaya ne. Shi ya sa nake ganin idan kika sayo wa Baba sabon mai almakashi, komai kyawun zayyanarsa, kukan wuyan yana nan.

Za ki ce a yi masa dogo mana. Ana yi, sai dai yana da iyaka: duk tsawon da aka ƙara wa ƙafafun, haka za su ƙara buɗewa gefe da gefe, har su riƙa cin karo da gwiwoyinsa. Dabara mai sauƙi ita ce a ɗora wanda yake da shi a kan ɗan ƙaramin benci. Wannan ya rage sunkuyo, bai kawar da shi ba.

Mai jingina kuwa allo ne shimfiɗaɗɗe da aka kishingiɗar, da ɗan baki a ƙasa mai tare littafi kada ya zame, da ƙafa a baya mai shiga matakai uku ko huɗu, a ɗaga ko a kwantar yadda ake so. Shafi yana fuskantar mai karatu, kai yana tsaye, hannu biyu sun huta. Ga ƙaninki babu ma gardama, shi ne nasa. Yana karatu yana rubutu, littafin yana tsaye a gabansa, takardar rubutu tana kan tebur. A yi faɗinsa ya ɗauki littafi mai girman A4 a buɗe. Shafin A4 santimita 21 ne a faɗi, 29.7 a tsawo, biyu a jere 42 ke nan, to allon kada ya gaza inci 17, tun da kafintocinmu da inci suke awo. Shi ba ya buƙatar katako mai tsada, filawud mai kaurin rabin inci ya isa.

Aibinsa guda biyu ne, kuma duka na gani da idona. Idan aka miƙar da shi sosai, nauyin takardun littafi mai kauri yana rinjayowa ƙasa, yana jan ɗinkin baya. Na biyu, shafi ba ya zama. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, da an kawo wuta an kunna fanka sai shafuka su hau juyawa da kansu. Dole a sa masa 'yan hannuwa biyu na ƙarfe ko na katako a jikin bakin ƙasa, masu juyawa su danne gefen shafi. In na ƙarfe ne a sa wa bakinsu roba, domin tsatsa a damina tana ɓata takarda.

A kan ɗan bakin nan na ƙasa na taɓa yin asara, shi ya sa nake jaddada shi. Na ba wani kafinta aiki da baki, ban kai masa littafin ba. Ya yi aiki mai kyau, ya goge da sanfefa har yana sheƙi, amma ya ɗaga bakin ya kai inci biyu. Da na ɗora littafi, layi biyu na ƙarshe sun ɓuya a bayansa, kuma duk juyin shafi sai gefen takarda ya karce shi. Cikin mako guda ƙasan shafukan ya fara yagewa. Sai da aka mayar aka rage. Bakin yana son zurfi, wato ya fito gaba daidai kaurin littafin, amma ba ya son tsawo. Ɗan tudu kaɗan a gabansa ya wadatar.

To Baba fa? Ya danganta da Alƙur'anin da yake karantawa, kuma ba ki faɗa ba. Idan bugun Madina ne mai shafi 604, layi 15 a kowane shafi, ni mai jingina zan yi masa, amma mai ƙafafu, kamar ɗan tebur, kuma a ɗaga allon kaɗan, kamar sulusin miƙewa. Hakan ya ɗago shafin zuwa fuskarsa ba tare da ya wahalar da ɗinkin ba. Idan yana farkon Baƙara ko yana ƙasa wajen Amma, gefe ɗaya zai yi kauri ɗayan ya yi siriri, sai a tura ɗan ƙyalle a naɗe ƙarƙashin siririn don kada bangon ya rataya.

Idan kuwa rubutun hannu ne irin na alarammominmu, na ruwayar Warshu, warƙa-warƙa a cikin tadarishi da gafaka, to mai almakashi ma bai dace da shi ba sam. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba. Mai karatu yana ɗaga warƙa ya kife ta a ɗaya gefen, shi ya sa marubuta ke sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, don kada jeri ya rikice. A cikin kwarin almakashi duk za su zame su cure a tsakiya, gefensu ya lanƙwashe. Wannan faffaɗan allo yake so, kusan a kwance, mai ɗaukar tari biyu a jere, da baki a ƙasa.

Awon ba wuya. Baba ya zauna yadda ya saba zama, da tabaransa in yana sawa, ya riƙe Alƙur'anin a inda idonsa ke gani ba tare da ya sunkuya ba. Ke kuma ki auna daga ƙasa zuwa gindin littafin. Wannan awon za ki kai wa kafinta, tare da wani littafi mai girma da kauri irin nasa don a gwada. In kuma ciwon yana saukowa hannu, ko yatsu suna yin sanyi suna mutuwa, a kai shi asibiti, katako ba zai yi maganin wannan ba.

Maganar katako a taƙaice: a 'Yan Katako na Na'ibawa za a samu, maɗaci yana da ƙarfi da kyawun launi. Abin dubawa shi ne ya bushe sosai, domin ɗanyen katako da hunturu ya shigo zai tsage ko ya murɗe, a mai almakashi kuma haƙoran ne ke fara karyewa. In an shafa masa fenti ko man sheƙi, a bar shi ya sha iska kwanaki har warin ya fita, in ba haka ba bangon littafi zai manne. Na roba ba na ba da shawararsa ga littafi mai nauyi, yana zamewa, yana kuma tsagewa.

Saura alamar shafi. Idan kika shiga wajen dukawa a Kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta fata za ta fi ɗaukar idonki, ni ma haka. Jar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ga taushi ga ƙamshi, kuma za ta yi shekaru. Sai dai takardar Alƙur'ani siririya ce ƙwarai. Fata mai kauri tana buɗa littafi, tana barin sawu a shafukan da ke kusa, kuma man da ake shafa mata da rinin da ke jikinta suna iya fita idan damina ta kawo laima. Na taɓa ganin littafin da jan tambari ya kwanta a tsakiyar shafinsa, daidai siffar alamar, kuma ba ya gogewa. Idan fatar kike so, ki ce wa baduku ya kankare bayanta har ta yi siriri kamar kwali, kada ya sa mata ƙulli ko ado a ɓangaren da ke shiga ciki, adon ya tsaya a jelar da ke leƙowa waje. Kafin ki biya, ki jiƙa farin ƙyalle kaɗan ki goga a jikinta. In launi ya fito, ki bar ta.

Kwali shi ne mai arha, ba ya cutar da takarda, ana ma iya rubuta inda aka tsaya a jikinsa, amma yana faɗuwa yana ɓata. Wanda aka lulluɓe da leda mai tauri gefensa yana yanka shafi. Roƙona ɗaya a nan, kada a buga aya ko sunan Allah a jikinsa. Abu ne da ke faɗuwa ƙasa, yara su ɗauka, tsintsiya ta kwashe.

Ga Baba zare na fi so, irin siririn ƙyallen nan mai santsi da masu sayar da kayan ɗinki ke aunawa da yadi. Ba kauri, ba faɗuwa. Mushafi yakan zo da guda ɗaya, amma mai tilawa kullum yana buƙatar fiye da haka: ɗaya inda ya tsaya a sauka, ɗaya a Kahfi saboda Juma'a, ɗaya a Tabaraka saboda dare. A ɗinka guda uku masu launi daban-daban a kan ɗan siririn kwali, a zura kwalin cikin ramin da ke tsakanin bango da ɗinkin baya, zarurrukan su zubo ta sama. Ba gam, ba a taɓa littafin da komai ba. A ɗan ƙona bakin kowanne da ashana don kada ya warware, kuma tsawonsu ya wuce na shafin da kamar inci uku, yadda Baba zai kama jelar ya buɗe ko da asuba ce ba wuta. Shi ma zaren a yi masa gwajin farin ƙyallen nan, musamman ja da kore.

Ƙaninki kuwa ki yanka masa kwali guda goma daga tsohon katin biki, domin shi wurare da yawa yake sa wa alama a lokaci ɗaya. Ki dai hana shi barin biro a tsakiyar littafi ya rufe, wannan ne ke karya ɗinki. Ki gaishe min da Baba, ki kuma duba min wane Alƙur'anin yake karantawa, sai in faɗa miki faɗin allon da za a yanka.