Dragon Ball Z a faifai: wanne za ka saya, kuma wace muryar Turanci ce ta fi?

Ɗan'uwa, ka ce wani zai taho maka da saƙo daga Amurka, kana so ya haɗo maka da Dragon Ball Z cikakke a faifai, amma ka ga bugu iri-iri har ka rasa na ɗauka, kuma kana tambayar wanne ne Turancinsa ya fi daɗi. Tambaya biyu ka haɗa a guri guda, kuma gara mu raba su tun yanzu. Bambancin waɗannan faya-fayan kusan duk a hoto yake. Muryar Turancin da ke cikinsu, in ka cire 'yan gyare-gyare, guda ɗaya ce ake ta sauya mata kwali tun 2007.

Mu fara da hoton. Kamfanin Toei na Japan ya yi wannan shirin talabijin na zane mai motsi ne daga 1989 zuwa 1996, kashi 291, an zana shi da hannu aka ɗauka a fim mai faɗin milimita 16, a ma'aunin 4:3, wato irin fuskar tsohuwar talabijin mai ƙeya. Duk rigimar da masoya shirin suka yi da Funimation, kamfanin Amurka da ya buga waɗannan faya-fayan, a kan wannan ma'aunin take, da kuma ɗan yashi-yashin nan da ake gani a jikin hoton fim.

Bugun da ya fi yawa a kasuwa, kuma ya fi araha, shi ne DVD mai kwali ruwan lemo da ake wa laƙabi da Orange Brick, kwali 9, daga 2007 zuwa 2009. A nan ne aka tafka aika-aikar. Don hoton ya cika faffaɗar talabijin ta zamani mai ma'aunin 16:9, sai aka yanke samansa da ƙasansa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na zanen ya tafi. Za ka ga Goku, jarumin shirin, a tsaye gashinsa ya shige cikin rufi, ko ana faɗa a ƙasa ƙafafu sun ɓace. Sannan aka bi hoton da kwamfuta don a goge yashin, ita kuwa kwamfuta ba ta san bambancin datti da layin mai zane ba, a wuraren da hoto ke girgiza har layukan fuska take sharewa. Launin ma an ƙara masa haske ya yi ƙyal-ƙyal. In ba ka taɓa ganin asalin ba, ƙila ba zai dame ka ba. Ranar da ka gani kuwa, shi ke nan, idonka ba zai sake yafewa ba.

Kishiyarsa ita ce Dragon Box. A Japan aka fara fitar da shi a 2003, bayan an gyara fim ɗin hoto bayan hoto, Funimation kuma ta kawo shi Amurka a kwali 7 tsakanin 2009 da 2011. DVD ne shi ma, amma 4:3 ne cif, ba a yanke komai ba, yashin fim na nan, layukan zane na nan. Aibinsa na hoto ɗaya ne da na sani: fim ɗin ya tsufa kafin a ɗauko shi, don haka a wasu kashin launi ya ɗan karkata, sararin sama ya yi kore-kore, fatar mutane ta yi ja. Babban aibinsa kuwa farashi ne. An daɗe da daina buga shi, sai a hannun 'yan gwanjo, kuma sun san abin da ke hannunsu. Ka yi hattara da jabu ma.

Sai Blu-ray, inda labarin ya zama abin takaici. A ƙarshen 2011 Funimation ta fito da Level 1.1 da Level 1.2, kashi 17 kowanne. A ganina ba a taɓa nuna Dragon Ball Z da kyau irin na waɗannan biyun ba: 4:3, yashi a wurinsa, launi natsattse. A Janairun 2012 aka dakatar da aikin, wai gyaran ya yi tsada, aka bar mutane da kashi 34 cikin 291. Da suka dawo a ƙarshen 2013 da sabon jerin Blu-ray mai kwali 9, sai ga 16:9 ya sake dawowa. Wannan karon an ɗan kula, ana ɗaga wurin yankan ko a sauke shi gwargwadon abin da ke faruwa a hoton, amma gogewar ta fi ta da muni, bishiyoyi da duwatsun bayan fage suka koma kamar an shafa musu man shanu.

A 2019 aka yi bugun cikar shekara 30, a kan dala 350, da sharaɗin sai mutum 3,000 sun yi oda kafin a buga. An mayar da 4:3, alhamdu lillahi, amma gogewar ba ta tafi ba. Wannan hoton ne aka sake sayarwa daga 2020 cikin gwangwanayen ƙarfe da ake kira Steelbook, zango-zango, a farashin da mutum zai iya. Idan Z ɗin kake so a faifai kuma ba ka da kuɗin Dragon Box, nan zan tura ka. Ba don ya yi kyau sosai ba, sai don hoton cikakke ne, ba a sare wa kowa kai ba.

Yanzu muryar, wadda ita ce ainihin abin da ka tambaya.

Mu da muka taso da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa mun san wannan gardamar tun kafin mu san anime, wato zane mai motsi na Japan. Akwai mai fassarar da ke bin abin da jarumi ya faɗa, akwai wanda ke cusa nasa barkwancin har ka manta labarin. Turancin Dragon Ball Z na farko irin na biyun ne. A 1996 aka ba 'yan wasan murya na Ocean a Vancouver ta Kanada aikin, aka datse kashi 67 na farko suka koma 53 don talabijin ɗin yara. Ba a yarda a ce wani ya mutu ba, sai a ce an tura shi wata duniyar. A nan ne Vegeta, abokin hamayyar Goku, ya yi ihun nan na cewa ƙarfin Goku ya haura 9,000, alhali a Japananci 8,000 ne. A nan ne kuma aka ce mahaifin Goku babban masanin kimiyya ne, mutumin da a asali mayaƙi ne na ƙasa-ƙasa. Duk da haka muryoyin kansu ƙwararru ne, Brian Drummond ya iya Vegeta. Wannan fassarar ba ta cikin ko ɗaya daga faya-fayan da na lissafa, sai a wasu bugu na daban, irin na 2013 mai suna Rock the Dragon.

Daga 1999 Funimation ta mayar da aikin gida, Texas, ta ɗebo sababbin hannu: Sean Schemmel ya zama Goku, Christopher Sabat ya ɗauki Vegeta da Piccolo da wasu da dama. A farkon nan, wajen faɗa da mugun nan Frieza, kwaikwayon 'yan Kanada suke yi, kuma ana ji. Rubutun ma ya yi nisa da asali. Goku na Japan, wanda Masako Nozawa ke yi wa murya, ɗan ƙauye ne mai son faɗa da ci, maganarsa ma ta ƙauye ce. Na Turancin kuwa sai ya tsaya gaban Frieza yana jawabin cewa shi ne fatan duniya kuma mai kare marasa ƙarfi, abin da ba ya cikin Japanancin ko kaɗan. Inda asali ya yi shiru, sai a cika wurin da surutu. Daga zangon Cell zuwa na Buu, miyagun da suka biyo bayan Frieza, sun gogu, wasan ya gyaru sosai. A 2005 suka koma suka sake ɗaukar kashi 67 na farko da muryoyinsu, shi ya sa in ka kalla a jere za ka ji zango na ɗaya da na biyu sun fi na uku nutsuwa, kamar an fara da babba an koma yaro.

Wurin da faya-fayan suka bambanta a sauti shi ne kiɗa. Asalin kiɗan na Shunsuke Kikuchi ne, na ganguna da ƙahoni irin na tsoffin fina-finan faɗa. Na talabijin ɗin Amurka daga kashi na 68 na ɗakin kiɗan Bruce Faulconer ne, na lantarki, ba ya tsayawa ko na minti ɗaya. Orange Brick da Blu-ray suna ba ka zaɓi tsakanin biyun a ƙarƙashin muryar Turanci. Dragon Box na Kikuchi kaɗai ya ɗauko. In kiɗan Faulconer ne ya rene ka, kada ka kashe kuɗinka a Dragon Box, za ka ji kamar an yi maka miya babu gishiri. Ni na Kikuchi nake so, don an yi shi ne da sanin inda za a yi shiru. Muryar Japananci kuwa a dukkansu a dushe take kamar rediyo a cikin tulu, saboda daga jikin fim ɗin aka kwaso sautin.

To in Turanci mai kyau kake nema da gaske, ba Z za ka saya ba, Dragon Ball Z Kai za ka saya. An fara shi a 2009, tsohon zanen ne aka gyara aka zubar da cikon da ba ya cikin littafin Akira Toriyama da aka ciro shirin daga ciki, irin su Garlic Jr. da ranar da Goku da Piccolo suka je koyon tuƙin mota (wannan kam na yi kewarsa). Kashi 98 ya kai ƙarshen Cell, sai 69 na Buu, jimla 167. Schemmel da Sabat sun dawo da gogewar shekara goma, rubutun kuma ya bi Japanancin sau da ƙafa. Babban canji shi ne Frieza. A Z Linda Young ta yi shi da murya mai kaushi kamar ta tsohuwa mai tari. A Kai marigayi Chris Ayres ya mayar da shi yadda yake a asali, mugu mai ladabi, wanda zai gaishe ka cikin girmamawa sannan ya hallaka garinku. Gohan da Bulma ma an sauya masu murya, nan kam ra'ayi ya rabu. Kashi 98 na farko 4:3 ne a faifai. Na Buu an yanke shi zuwa 16:9, ga wani kore-kore da ya lulluɓe hoton.

Kafin ka tura wa mai sayowar kuɗi, duba na'urarka. DVD na Amurka lambar yanki 1 yake ɗauke da ita, Najeriya da Nijar kuwa yanki na 5 ne. A Blu-ray Amurka A ce, mu B. Yawancin ƙananan na'urorin DVD da ke kasuwanninmu ba ruwansu da wannan, amma PlayStation da na'urorin Blu-ray suna kulawa. Ka ce ya ɗauko maka hoton bayan kwalin tukuna, harafin yankin yana nan ƙasa kusa da lambar farashi.