Hattara da mai sayar da filafilin kayak na jabu

Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa ɗalibai da ke karatu a Yuganda, musamman waɗanda suka fara zuwa Jinja koyon tuƙa kayak, wato ɗan ƙaramin kwalekwale, a Kogin Nilu. Akwai wani mutum da ke tallan filafili a intanet, yana cewa na Werner ne, wato kamfanin nan na Amurka da ya yi suna wajen ƙera su. Wai wani Bature ne zai koma gida ya bar masa guda biyar, shi ya sa ya karya kuɗin. Ni na faɗa tarkonsa, kuma na ji a jikina.

Dabararsa ita ce gaggawa. Sai ya ce saura ɗaya, a tura rabin kuɗi ta waya, ɗan acaɓa zai kawo. Idan ka ce za ka zo ka gani da idonka, nan take tafiya ta kama shi. Hotunan da ya turo mini na gaske ne, sai dai ba su ne kayan da ke hannunsa ba.

Da aka kawo, na yi ta murna kamar na tsinci dami a kala. Mai koyar da mu ne ya karɓa, ya ƙwanƙwasa sandar da zobensa, ta yi ƙara irin ta tukunya. Ya sa farce ya ɓare gefe, sai ga alminiyom fari fat: ashe leda ce mai zanen kabon, wato baƙin abu mai tauri marar nauyi da ake ƙera filafilin ƙwarai da shi, aka naɗe shi da ita. Fuskokin biyu masu sarar ruwa kuwa roba ce mai lanƙwasa, a tsakiyar sandar ga ɗan maɓallin haɗi yana girgiɗi.

Tsawon ma kaɗai ya isa ya tona masa asiri, da na sani. Filafilin ruwa mai gudu gajere ne, yawanci tsakanin santimita 191 zuwa 200, gwargwadon tsayin mutum. Nawa da muka auna 230 ne, irin na yawon shaƙatawa a tafki. Dogon filafili yana hana ka saurin sara ruwa a tsakanin duwatsu. Na ƙwarai kuma fuskarsa faiba ce (zaren gilas da aka daskarar) ko kabon, mai tauri, galibi a karkace da digiri 30 zuwa 45 tsakanin ta dama da ta hagu.

Asarar kuɗin ba ita ta fi damuna ba. A wannan wasa, idan kayak ya kife kanka yana ƙarƙashin ruwa, da filafilin nan za ka dogara ka mirgino sama. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Itanda, wata gangara a Kogin Nilu inda ruwa ke gudu da ƙarfi, ya ji rurin ruwan wurin ya san me ake nufi da sanda ta karye a hannunka a irin wannan hali.

Ka tafi da abin awo, ka riƙe filafilin, ka danna fuskarsa a ƙasa ka ga ko za ta lanƙwashe, kuma ka bari wanda ya daɗe a ruwa ya duba kafin ka biya. Sabon shiga ma aro ko haya ya ishe shi.

Na kira mutumin washegari, layin a kashe. Makon jiya na sake ganin hotunan nan dai, da sabon suna da sabuwar lamba, yanzu kuma wai har da rigar ceto da hular kwano.