Shingen gudu na wani mai walda a Katako

Masu tambaya ina muka samo shingayen da yaranmu ke atisaye da su, to ba daga Faransa suka zo ba, nan Yamai aka ƙera su wajen wani mai walda cikin kasuwar Katako, kuma wallahi aikin ya yi.

Amma fa ba don gwanintarsa kaɗai ba. Mai horar da yaran tsohon ajidan ne na soja, ya yi gudun mita 400 na tsallake shinge tun yana cikin kaki har ya ciyo lambobi a wasannin soja, shi ya tsaya kan mai waldan kamar ana fareti. Farkon wanda ya haɗa ƙafafunsa suka fito gaba da baya daidai, ajidan ya kalla ya ce malam wannan ai tarko ne, yaro ya taɓa shi ba zai faɗi ba sai dai yaron ya kife. Ƙafafun shinge gefe ɗaya suke, wajen da mai gudu ke tahowa, saboda in ƙafa ta buge shi ya tuntsura gaba. Mutumin bai yi musu ba ya yanke ya sake, abinda ya burge ni da shi ke nan, wani da sai ya ce maka shekara 20 yana walda.

Ya huda ramuka ana ɗagawa ana saukewa da ƙusa, santimita 106.7 na mita 110 na maza, 91.4 na mita 400 na maza, 83.8 na mita 100 na mata, har 76.2 na mita 400 na mata. Ajidan ya bi su ɗaya ɗaya da mitar tela duk sun cika. Saman katako ne ba ƙarfe ba, da zanen baƙi da fari.

Inda mai waldan ya gaza, alkawali. Gobe gobe har sai da muka gaji da zirga-zirga, kullum wuta ce aka ɗauke. Fentin ma arha ya sa, rana ta fara cinye shi, kuma ƙusoshin ba a ɗaure suke ba yara sun riga sun ɓatar da biyu, ku ce ya sa musu 'yar sarƙa.

Kuɗi jikka 12 kowane ɗaya bayan ciniki, mun yi 10 tunda su ake jerawa a layi guda. In ƙananan yara gare ku ku ce ya yi da bututun roba, na ƙarfen yana fasa ƙwauri ba wasa.