Akori-kura na yoyo da damina: wane gam ko roba ya kamata ka saya?

Da zarar ruwan Agusta ya kankama, masu shagunan kayan mota a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna sun san me mai Hilux ko L200 zai tambaya: a ba shi gam ɗin silikon. Kafet ya jiƙe, gilashi na yin hazo ta ciki, ga warin danshi da ke tarbar mutum da ya buɗe ƙofa. Silikon shi ne mafi arha, kuma a ganina shi ne ya fi jawo wa mai mota asara. Amma kafin zancen gam, sai an san ta inda ruwan ke shiga, domin kowace kafa da maganinta.

Ruwa ba ya ɗiga a inda ya shigo. Yakan shiga ta saman gilashi, ya bi cikin ƙarfen gefe, sai ka tarar da shi a ƙarƙashin ƙafar direba. Don haka ka nemi tiyo da mutum ɗaya. Kai ka zauna ciki da tocila, a ɗaga kafet, shi kuma ya riƙa zuba ruwa a hankali daga ƙasa yana hawa: ƙasan ƙofa, gindin waifa, gefen gilashi, rufi a ƙarshe. In aka fara daga rufi, ruwan zai bi ko'ina, ba za a gane komai ba. Wata dabarar ita ce a rufe tagogi, a kunna fanka a ƙarshen ƙarfinta tana jawo iskar waje, a shafa ruwan sabulu a gefen gilashi ta waje. Inda kumfa ta tashi, nan ce kafar.

Sau da yawa ma babu abin saye. Ƙurar hunturu da ganyen dalbejiya kan toshe magudanar da ke ƙarƙashin waifa da ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa, sai ruwa ya taru ya malala ciki. Waya da ruwa sun isa a buɗe su. In kuwa gefen fasinja na jiƙewa ko ba a yi ruwa ba, to a duba bututun da ke fitar da ruwan esi, wato na'urar sanyaya mota. In ruwan na da santsi da launi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, na lagireto ne, aikin bakanike ke nan.

To, mu koma kan silikon. Irin wanda aka fi sayarwa, mai yaji a hanci in an matso shi, asid yake fitarwa yayin da yake bushewa, asid ɗin kuwa na cin ƙarfe duk inda fenti ya kwaile. Sai ka rufe kafa yau, tsatsa na aiki a ƙarƙashi. Fenti ba ya kama shi, gam ɗin gilashi ma ba ya kama wurin da ya taɓa, don haka ranar da za a yi gyaran gaskiya sai mai gilashi ya kankare shi tas, ya kuma caje ka kuɗin wahalar. Akwai silikon marar wannan asid, akwai kuma mai ruwa-ruwa da ke kwarara cikin ƙaramar tsaga, irin na Permatex. Wannan na ƙarshen yana da amfani a tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 akori-kura, waɗanda gilashinsu ke zaune cikin roba. Ko a nan ɗin, na rage zafi ne kafin a sami sabuwar roba.

Motocin baya-bayan nan daban suke. Hilux ta 2005 zuwa sama, da wadda ta biyo bayanta a 2015, gilashin gabansu manne yake da jiki da gam ɗin foliyuritan, wani gam mai ƙarfin riƙo da ke zama kamar roba in ya bushe. Gilashin na cikin abin da ke riƙe rufi in mota ta kife, kuma jakar iska ta fasinja da shi take tokarewa in ta fashe. In nan ke yoyo, galibi an taɓa canja gilashin ne aka yi aikin sha yanzu magani yanzu, ko kuma tsatsa ta ci bakin ƙarfen. Ba a gyara wannan da shafe ta waje. A cire gilashin, a goge tsatsar, a shafa ruwan share fage da kamfanin gam ɗin ya ce a yi amfani da shi, sannan a manna da gam ɗin gilashi na gaske, kamar Betaseal ko Window-Weld na 3M ko na gilashi cikin jerin Sikaflex. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma nan ne bai kamata a yi tsimi ba. Ka tsaya ka ga kwalin da idonka kafin mai gilashi ya fasa shi.

Kada a rikita wannan da foliyuritan na toshe haɗin ƙarfe, irin Sikaflex-221. Shi na tsagar da ke bin gefen rufi ne, inda gam ɗin kamfani ya bushe ya tsage saboda zafin bazara, da kuma ramukan da aka huda don ɗora jiniya, fitilar rufi ko eriya. Motocin da aka saya daga gwanjon ma'aikatu da kamfanoni sun cika irin waɗannan ramuka. Yana kama fenti da ƙarfe sosai, yana miƙewa in jikin mota na murɗawa a hanyar karkara, kuma ana iya fentinsa. A fente shi ɗin kuwa, don rana na cinsa in an bar shi haka. Abin lura wajen saye shi ne kwanan watan da ke jikin kwalin: ba ya wuce kamar shekara guda a ajiye, zafin shago kuma na ƙara rage masa kwana. In yana fita da ƙyar daga bindigar matsawa, ko bakinsa ya yi tauri, mayar da shi.

Sai baƙin gam na butil, mai kamar cingam, da ake sayarwa a naɗe. Ba ya bushewa har abada, shi ya sa ya dace da duk abin da ake ɗaurewa da noti kuma wata rana za a kwance: fitilar birki ta saman gilashin baya a motocin da ke da ita, gindin eriya, da ledar da ke cikin ƙofa. Wannan ledar masu gyaran injin taga da masu saka lasifika kan yage ta su jefar, alhali ita ke hana ruwan da ke bin gilashin ƙofa ya faɗo ciki. Leda mai kauri da butil sun wadatar. Sai dai kada a bari wani ya manna gilashin gaba da shi, ba shi da ƙarfin riƙo.

Robar ƙofa kuwa, gwada ta da takarda: ka rufe ƙofa a kanta ka ja, in ta zame ba turjiya, wurin bai matse ba. Kafin ka ɗora wa robar laifi, duba ko ƙofar ce ta sauka, domin saita maɗaurinta na iya kashe maganar. In saye ya zama dole, zaɓi huɗu ne. Ta asali ita ce mafi dacewa kuma mafi tsada. Tokumbo, wato wadda aka ciro daga wata motar, na da kyau in ka matsa ta da yatsa ta dawo nan take, ba tsaga a kusurwoyi. Sabuwa mai arha takan yi kauri har ƙofa ta ƙi rufuwa sai da bugu, ko ta ƙanƙance bayan bazara ɗaya. Wadda ake yankawa da awo kuma a kusurwa take ba da kunya. Ni dai tsakanin tokumbo mai laushi da sabuwa marar suna, tokumbon zan ɗauka.

Bayan an toshe, a cire kafet gaba ɗaya a shanya. Audugar da ke ƙarƙashinsa kan riƙe ruwa makonni, tana ruɓar da ƙasan mota da haɗin wayoyin da ke bi ta wurin. Kada a mayar da shi sai an maimaita gwajin tiyo an ga ƙarfen a bushe.