Asibitin dabbobin da nake kai karenmu da kyanwata, ga ra'ayina a kansa

Akwai wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a ɓangarenmu nan Kaduna, shi nake kai karenmu na gadi da kyanwata, kuma gaskiya na yaba da aikinsu duk da akwai abubuwan da ba su min ba, zan faɗe su su ma. Ba zan kama suna ba saboda ƙorafin da ke ciki. Wuri ne ɗan ƙarami, ɗakin jira ɗaya, ɗakin duba dabba, sai wani ɗaki a baya da suke ƙaramin aiki da kwantar da wanda aka sa wa ruwa, likita ɗaya mace da yara biyu masu taimaka mata.

Abin da ya fi riƙe ni a wajen shi ne yadda suke ajiye allurar rigakafi. Kun san halin wutarmu, kuma ita allurar nan in ba a riƙe ta cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ba ta tashi aiki, ka biya kuɗi a tsira wa karenka ruwan banza ka koma gida kana ganin ka gama. Su firjinsu a kan sola yake, a gabanka Dakta za ta ciro kwalbar ta nuna ma ranar ƙarewar wa'adi, in ta gama ta ɓare tambarin jikin kwalbar ta manna a katin dabbar ta sa hannu ta rubuta ranar dawowa. Masu yawo gida-gida da jaka a babur suna cewa su likitoci ne ba za ka taɓa samun wannan a wajensu ba, kwalba na cikin jaka tun safe rana na dukanta. Ita takardar rajistarta ta hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa tana nan rataye a bango kowa na gani. Allurar haukan kare kuma in kana son ta gida akwai wadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, in kana son ta waje akwai, za ta faɗa ma bambancin kuɗin ka zaɓa ba ta matsa ma.

Maganar haukan karen nan ba ta wasa da ita sam, kuma ni ma yanzu ba na wasa da ita. Kwikwiyo in ya kai wata 3 ake masa allurar, sannan duk shekara a sabunta, kyanwa ma haka dan ita ma tana ɗauka tana kuma iya sa wa mutum. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara da wannan ciwo, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma yara ne da yawa a ciki saboda su ke wasa da karnukan unguwa su ɓoye in an cije su dan tsoron duka. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum to sai dai addu'a. Ta liƙa takarda da Hausa a ƙofa cewa duk wanda kare ya ciza ko kyanwa ta yaga ya wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ya wuce asibitin mutane a ranar, ba a tsaya shafa gishiri ko ƙona gashin karen a ɗora a ciwon ba, shi kuma karen in na gida ne a killace shi a sa masa ido kwana 10.

Sai fabo, ciwon nan da ke ɗebe 'yan kwikwiyo, amai da zawo mai jini da wani irin wari, su daina cin abinci, kwana biyu uku sun bushe. Akwai allurar rigakafin cututtuka da yawa a haɗe har da shi da ake farawa daga sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen wata 4, kuma kafin ya gama kar a bar shi yana yawo a waje. Mutane da yawa guda ɗaya suke yi su tsaya saboda kuɗi, Dakta ta ce min, Hajiya wallahi kuɗin ruwan da za a sa masa in ya kamu ya ninka na allurar, kuma ba tabbas ya tashi. Tana kiran waya ta tuna ma in lokaci ya yi, wannan ma abin yabo ne.

Ba ta gajiya da bayani, shi ne dalilin da ya sa layi ke tsawo amma ni ban ga laifin hakan ba. A gabana aka kawo wata mage fuska ta kumbura dasashinta ya yi duhu tana haki, ashe farasitamol aka ba ta dan an ga jikinta da zafi, mai ita yarinya ce budurwa tana ta kuka, raina ya ɓaci sosai ranar. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, dan Allah kar wanda ya ba kyanwa ko kare maganin mutane ba tare da likita ya ce ba. Haka maganin kaska na kare mai sinadarin famatirin, guba ne ga kyanwa ko shafar karen ta yi yana jiƙe. Masu wanke kare da fiya-fiya ko kananzir, da masu shafa baƙin mai a ƙazuwa, su ma ta ce kullum ana kawo mata irinsu suna dalalar da miyau suna karkarwa. Kaska kuwa ba ƙaiƙayi kawai ba ne, tana sa zazzaɓin da ke cinye jini, shi ya sa ta koya min ɗaga leɓen kare in duba dasashi, in ja-ja ne lafiya lau, in ya yi fari fat a taho da shi. Kuma ba karen kaɗai ake yi wa magani ba har kejinsa da tsagar bango inda suke ɓuya, musamman da damina.

Tsutsar ciki kowane wata 3 ga babba, ƙanana kuma akai-akai tun suna sati 2, kuma sai ta ɗora dabba a sikeli kafin ta ba da magani ba ƙiyasi da ido ba. A kan abinci ba ta tilasta ma sayen na buhu da suke sayarwa, ta ce tuwo da shinkafa ba laifi in dai da nama ko kifi ko ƙwai, amma sauran miyarmu mai albasa da tafarnuwa da yaji a daina zuba musu dan albasa na lalata musu jini, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji, madara kuma babbar kyanwa yawanci zawo take sa ta duk da kowa ya taso yana ganin ita ce abincinta.

Inda suka gaza, ɗakin jira ɗaya ne kare da kyanwa, ka zo da 'yar magenka tana rawar jiki ga wani ƙaton kare yana haushi a gefenka, wannan ya kamata su gyara ko da da labule ne ko benci a waje. Ba sa buɗewa da dare, in abu ya taso ƙarfe goma sai dai ka yi ta kiran waya wani lokaci a ɗauka wani lokaci shiru. Ba su da na'urar ɗaukar hoto, karaya ko babban aiki sai ta rubuto ma takarda zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ga mai dabba a hannu tana jin jiki tafiya ce. Kayan shagonsu kamar sabulun wanka da igiyar wuya da abincin gwangwani sun fi na kasuwa tsada, ni magani da allura kawai nake saya a wajen. Kuɗin fiɗiya da cire mahaifa shi ma da ɗan nauyi, sai dai ta yarda na biya sau biyu da aka yi wa kyanwata, kuma ɗinkin ya warke tsaf ba ruwa ba kumburi.

Mai niyyar zuwa ya je da safe kafin rana ta yi, ranar Asabar cika suke yi. Kare a sa masa igiya, in mai cizo ne a faɗa musu tun daga ƙofa su ɗaure masa baki, kyanwa kuma a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji kar a rungumo ta a hannu dan tana jin haushin kare sau ɗaya za ta yage ka ta faɗa titi. A riƙo katin allura, in zawo yake a ɗebo kaɗan a leda dan suna dubawa a nan take.