Mr. Bean ko Fawlty Towers: Wanne Za Ka Sa wa Baba?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wani guntun bidiyo na dogon Bature yana zabga wa jar mota reshen bishiya, aka gaya maka daga Fawlty Towers aka yanko shi. Kana tambaya ko ka nemo shirin ku kalla tare da Baba, wanda ba ya jin Turanci, ko kuwa ku tsaya kan Mr. Bean da kowa ya sani. Na kalli duka biyun sau da yawa, don haka bari in jera maka kashi ɗaya daga kowanne: kashin farko na Mr. Bean, da kashin da dukan motar yake ciki, mai suna Gourmet Night.

Fawlty Towers ne babba a shekaru. BBC ta nuna shi a 1975, sannan a 1979, kashi 12 ne kacal. John Cleese da Connie Booth suka rubuta, kuma Cleese ɗin ne ya fito a matsayin Basil Fawlty, mai wani ƙaramin otal a garin Torquay da ke bakin teku a kudancin Ingila. Gourmet Night shi ne kashi na biyar, ya fita a watan Oktoban 1975. Mr. Bean kuwa ya fara ne ranar 1 ga Janairun 1990 a tashar ITV, Rowan Atkinson da Richard Curtis suka ƙirƙiro shi, aka yi kashi 15 zuwa 1995.

Kashin farko na Bean labari uku ne da ba su da haɗi da juna. Na farko ɗakin jarrabawar lissafi. Ya shigo da tulin alƙalumma yana jera su a tebur cike da isa, domin ya haddace lissafin kusurwoyi, wato tirigonometiri. Yana buɗe ambulan sai ya ci karo da takardar kalkulas. Daga nan har kusan ƙarshe ba abin da yake yi sai neman satar amsa daga na kusa da shi: ya miƙa wuya, ya karkata jiki, ya hura takardar don ta ɗaga, ya ja hankalin mutumin wani wajen. Saura minti biyu a tashi mai tsaron jarrabawa ya yi sanarwa, a nan Bean ya gane ashe takarda biyu ce a ambulan, ta tirigonometirin da ya haddace tana ciki tun ɗazu. Duk wanda ya taɓa zama ɗakin jarrabawa, ko a Landan ko a Gusau, ya san wannan faɗuwar gaba. Baba ba ya buƙatar sanin mene ne kalkulas. Fuskar Bean ta gama gaya masa.

Labari na biyu a bakin teku ne, inda ya sha wahalar saka wandon wanka ba tare da ya cire dogon wandonsa ba, don kada mutumin da ke zaune kusa ya gan shi. Bayan ya gama, mutumin ya tashi da farar sanda: makaho ne. Na uku a coci, yana fama da gyangyaɗi, da atishawa ba hankici, da alewar da yake son jefawa a baki ba tare da na gefensa ya lura ba. Hatta huɗubar da ake ji ana yi ba kalmomi ba ne, gunaguni ne kawai da aka tsara ya yi kama da magana. Wannan kaɗai ya nuna maka cewa da gangan aka gina shirin don ido. Ba mamaki ya ci babbar kyautar shirye-shiryen talabijin ta Montreux a ƙasar Suwizalan a shekarar da ya fito.

Gourmet Night ginin daban ne. Labari ɗaya ne na kimanin rabin awa, kowane abu yana jan na gaba kamar ƙarfen sarƙa. Basil mutum ne mai son a ce da manya yake hulɗa. Ya samu sabon kuku, Kurt, sai ya shirya daren cin abinci na alfarma, ya sa talla a jarida yana cewa ba a son tarkacen mutane. Mutum huɗu kawai suka zo. A daren kuku ya sha giya ya yi tatul, ba ya ko iya tsayuwa. Dole Basil ya garzaya gidan abincin abokinsa André ya karɓo gasasshiyar agwagwa. Ta farko ta faɗi a kicin, Manuel, yaron otal ɗan Basalona, ya taka ta. Basil ya sake komawa, baƙi suna zaune da yunwa, ma'aikata suna ta ƙoƙarin ɗebe musu kewa da waƙa da jita. A hanyar dawowa motar ta mutu. Kuma tun farkon kashin matarsa Sybil take ce masa ya kai ta gareji, shi kuwa saboda maƙo ya tsaya yana taɓe-taɓe da kansa.

To a nan ne guntun da ka gani ya faɗo. Ya yi wa motar kashedi, ya ƙirga mata uku, ya fita da gudu, ya dawo da reshe ya hau ta da duka. Idan ka kalle shi tsurarsa za ka yi murmushi. Idan ka biyo labarin tun daga tallar jarida, sai ka riƙe ciki, domin ka san ba motar yake duka ba, burinsa ne ya rushe kuma bai da wanda zai huce a kansa. Da ya iso da ƙyar ya ɗaga murfin a gaban baƙi, babu agwagwa: kwanon da ya ɗauko na kayan zaƙi ne mai kirim. Ya zura hannu biyu ciki yana lalube, ko agwagwar tana ƙasa. Ni a wurina wannan laluben ya fi dukan motar, don a nan kake ganin mutumin da ya ƙi yarda da abin da idonsa ya nuna masa.

Matsalar Baba ita ce rabin daɗin kashin a baki yake. Ɗaya daga cikin baƙin, Kanar Hall, yana da larurar da ke sa fuskarsa zabura, ɗaya baƙon kuma sunansa Twitchen, wanda a kunnen Bature ya yi kama da kalmar wannan zaburar. Basil ya rasa yadda zai gabatar da su ga juna ba tare da ya ci fuskar kanar ba. Idan ba ka jin Turanci, abin da za ka gani kawai mutum ne yana in'ina. Haka baƙar maganar da ke tsakaninsa da Sybil, da gurguwar Turancin Manuel. Ga shi suna magana da sauri ƙwarai. Ka tuna yadda marigayi Rabilu Musa Ibro yake: wanda ba ya jin Hausa zai yi dariyar shigarsa da gudunsa, amma habaicin ya wuce shi. Matsayin da Baba zai samu kansa ke nan gaban Basil.

Akwai kuma bambancin hali. Bean yaro ne a jikin babba, son kansa irin na yara ne, mafi yawan wahalar kansa take komawa. Basil babba ne mai girman kai, yana rusuna wa masu muƙami yana taka na ƙasa da shi. Yadda yake hantarar Manuel da marinsa a cikin shirin bai taɓa yi mini daɗi ba, ko da yake na gane Basil ne marubutan suke tona wa asiri, ba Manuel ba. Cleese bai ƙago mutumin daga iska ba: a 1970 ya sauka a wani otal a Torquay ɗin, ya ga yadda mai otal ke wulaƙanta baƙinsa, daga nan tunanin ya samo asali. Wannan zurfin ne ya sa a 2000 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sa Fawlty Towers a kan gaba cikin jerin shirye-shiryen talabijin 100 na ƙasar.

Tunda da iyali za ku zauna, ka san abin da ke ciki. A Gourmet Night akwai maye a fili, kuma dalilin shan giyar kuku shi ne ya nuna yana son Manuel, Manuel ya ƙi. Ba abin da zan sa a gaban yara ko a gaban mahaifi ba ne. A kashin Bean, wurin canjin wando ne kaɗai zai iya sa ka jin nauyi, ko da yake ba a nuna tsiraici, kuma kana iya tsallake shi ba ka rasa komai ba tunda labaran ba a ɗaure suke ba.

Saboda haka ka sa wa Baba Mr. Bean, ka fara da jarrabawar. Gourmet Night ka ajiye wa kanka, ka kalle shi daga farko, kuma ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo saboda saurin bakin Cleese.